Keke Na Neman Hanyarsa A Birnin Tarayya

Duk wanda ya tsaya a gefen babbar hanyar da ta taso daga Kubwa zuwa cikin Abuja da sanyin safiya, ba zai rasa ganin wani bawan Allah a kan keke ba, ya raɓe can bakin kwalta, motoci na wuce shi kamar walƙiya. Wani maigadi ne ya taso daga aikin dare, wani mai sayar da burodi ne, wani kuwa lebura ne mai neman inda ake gini. Kowannensu ya san cewa ransa yana hannun Allah, sa'an nan yana hannun direban da ke bayansa, domin ba a ware masa ko taki ɗaya na hanyar ba.

Ba talaka kaɗai ya ɗanɗana wannan ba. A cikin shekarar 2001, Ministan Sufuri na wancan lokaci, Cif Ojo Maduekwe, ya tashi haiƙan yana kiran jama'a su koma hawan keke, har shi da kansa ya riƙa hawa zuwa wurin aiki. Ba a daɗe ba wata motar bas ta banke shi, ya faɗa cikin kwalbati. Mutane da yawa suka mai da abin na dariya, alhali kuwa darasin da ke ciki a fili yake: idan Minista bai tsira a titin Abuja ba, ina ga mai tallan burodi?

Yadda aka zana birnin

Ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta ƙirƙiro Yankin Birnin Tarayya. A 1979 wani kamfanin masana tsara birane na Amurka ya miƙa babban tsarin ginin birnin, kuma ran 12 ga watan Disamba, 1991, Gwamnati ta tare daga Legas. Masu zanen sun tarar da ƙasa mai duwatsu da ƙoramu, irin su Wupa da Jabi, waɗanda ke gangarawa zuwa kogin Usuma. Sai suka ba da shawara a bar bakin waɗannan ƙoramu yadda Allah ya yi su, kada a yi gini a wurin, domin ruwan damina ya sami hanyar wucewa, itatuwa su ba da inuwa, jama'a kuma su sami wurin shan iska.

To, waɗannan filaye dogaye ne, sun ratsa unguwa-unguwa kamar jijiyoyi a jikin ganye. Ke nan tun ran gini an yi zane: birnin yana da wata hanya ta biyu wadda ba ta haɗu da ta mota ba. Abin da ya rage kawai shi ne a share ta, a daɓe ta, a haɗa wannan yanki da wancan.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

A Ingila, kafin zuwan jirgin ƙasa, Turawa sun haƙa manyan magudanan ruwa da hannu domin jigilar gawayin kwal da sauran kaya. Dawaki ne ke jan jiragen da igiya, suna tafiya a wata siririyar hanya da ke gefen ruwan. Da jirgin ƙasa ya kashe wannan ciniki, hanyoyin dawakin suka zama kufai. Daga baya aka gyara su, suka zama na masu tafiya a ƙasa da mahaya keke. Tun da ruwa ba ya hawa tudu, hanyar a shimfiɗe take, tsoho da yaro duk suna iya binta ba tare da haki ba.

Haka kuma tsakanin 1979 da 1986 wasu mahaya keke 'yan sa kai suka mai da tsohuwar hanyar dogo da ke tsakanin garuruwan Bristol da Bath ta zama hanyar keke mai tsawon mil 13. A Faransa kuwa akwai magudanar da ake kira Canal du Midi, wadda aka buɗe a 1681, mai tsawon kilomita 240. Baƙi sukan yi kwanaki suna bin gefenta a kan keke, suna yada zango a ƙauyuka, suna sayen abinci, suna biyan kuɗin masauki. Watau hanyar da aka yi domin dawaki ita ce yau take kai wa ƙauyawa kuɗi har ƙofar gida.

Ba sai an je Turai ba

Manoman Jihar Kano sun san wannan abu ba tare da an ba shi suna ba. Bayan da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, an ja ruwa ta manyan magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. A gefen magudanan an bar hanyoyi domin ma'aikatan da ke duba ruwa. Waɗannan hanyoyi su ne manomi ke bi da kekensa, buhun taki a kariya, fartanya a ɗaure, yana ratsa gonakin shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Babbar mota ba ta cika bi ta nan ba, saboda haka hankalinsa a kwance yake.

Keke kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. An yi zamanin da mallakar Raleigh alama ce ta rufin asiri, malamin makaranta da ma'aikacin En'e da ɗan kasuwa duk shi ne dokinsu, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Zuwan kuɗin mai da babur da mota ne ya sa aka fara yi wa mai keke kallon wanda ya rasa.

Filayen suna ƙarewa

A Abuja akwai gutsattsarin irin wannan hanya. Lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe a watan Disamba na 2003, yana da ƙorama da hanyoyin da mota ba ta shiga. Bakin tafkin Jabi ma haka. A wajen gari akwai madatsar ruwa ta Usuma da duwatsun da ke kewaye da ita, ga kuma ƙauyen Ushafa na masu ginin tukwane, wanda Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a shekarar 2000. Amma kowane ɗaya tsibiri ne. Mai son ya kai ɗansa daga wannan zuwa wancan a kan keke dole ya tsallaka titi mai layi shida ko fiye, kuma babu uban da zai yarda da haka.

Abin da ya fi damuwa shi ne filayen da za su haɗa su suna ta zaizayewa. Wasu an yanka su an ba masu gidaje, wasu an ba da su da sunan lambu suka rikiɗe suka zama wuraren gasa kifi da shaye-shaye, an kewaye su da katanga. Tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake Ministan Birnin Tarayya, an rushe gine-gine da dama da suka saɓa wa tsari, amma kwaɗayin fili bai mutu ba. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Mazauna Lokogoma sun sha ganin ambaliya, kuma a watan Yuni na 2023 ruwa ya mamaye gidaje masu yawa a wata unguwa da ke Lugbe. Bakin ƙoramar da aka bari domin keke da itatuwa shi ne kuma zai karɓi ruwan da ke cin gidajen mutane.

Abin da ke gaba

Tun daga ran 29 ga watan Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. Ƙaramin ma'aikaci ya koma lissafin abin da zai ci da abin da zai ba direba. Gaskiya ne ba kowa zai iya tuƙo keke daga Gwagwalada kullum ba, ga nisa ga zafin rana. Amma daga Jabi zuwa Wuse, ko daga Garki zuwa Asokoro, tafiya ce ta ɗan lokaci kaɗan, in da akwai hanya mai inuwa wadda mota ba ta bi.

Akwai kuma batun tsaro. Sace-sacen mutanen da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024 sun nuna cewa hanyar karkara ba za ta yi amfani ba sai da fitila da masu sintiri da haɗin kan mutanen ƙauyukan da ta ratsa. Wannan ne ya sa ya fi dacewa a fara daga cikin gari, a bi ƙorama ɗaya daga farkonta zuwa ƙarshenta, in ta yi kyau a miƙa ta zuwa ƙauye.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ran 3 ga watan Yuni ta zama ranar keke ta duniya tun daga 2018, kuma a Abuja akan yi jerin gwano a ranar, jami'an kiyaye haɗurra suna tare motoci. Washegari sai titi ya koma hannun masu shi, mai tallan burodi ya koma raɓe a bakin kwalta. Abin da yake bukata bai kai kuɗin gada ɗaya ba: Hukumar Raya Birnin Tarayya ta auna bakin ƙoramun da suka rage, ta kafa musu alama, ta hana yanka su. Hanyar ana iya daɓe ta baɗi ko baɗin baɗaɗa, amma filin da aka zuba wa kankare ya tafi ke nan.