Ina Gidan Harajin Fataken Keffi?

Ranar 4 ga Fabrairu 2025 aka fara karɓar kuɗi a hanyar Keffi zuwa Akwanga, Lafiya da Makurɗi: ƙaramar mota naira 500, manyan motocin kaya naira 1,600. Rumfunan karɓar sababbi ne fil, amma hanyar ta daɗe tana kawo kuɗi. Tun da Abdu Zanga ya kafa Keffi wajen 1800, fatake ke ratsawa daga Kano da Zariya zuwa Loko a bakin Binuwai. To, a wane gini suke biya?

A Ingila tsofaffin gidajen haraji na nan tsaye a gefen titi, goshinsu mai kusurwoyi, tagoginsu na duban hanya ta kowane ɓangare don kada wani ya sulale. A Keffi ba za a nuna maka irinsu ba.

Mai nema zai fara tuna shingayen karɓar kuɗin hanya na gwamnatin tarayya, waɗanda Obasanjo ya soke daga farkon 2004. Waɗannan na jiya ne. Sai zamanin Turawa na Gwamna Lugga, wanda ya ɗora wa ayari haraji a 1903: kashi 5 cikin ɗari na kaya a kowane lardi, har lardi uku. An soke shi a 1907, kafin ya yi tsawon ran da zai bar gini.

Sauran sai zamanin ganuwa, kuma a nan amsar take. Garin da ke da ganuwa ba ya bukatar gidan tsaron hanya, domin ganuwar ce ke tattaro kowa zuwa ƙofa. Ƙofar kuwa zaure ne mai kaurin bango, rufin azara, ƙyauren katako, matsattse har jaki mai mangala sai dai ya bi bayan ɗan'uwansa. Sarkin Ƙofa na zaune yana ƙirga kaya, madugu na ciniki a madadin ayarinsa. Da faɗuwar rana a rufe. Wanda ya kauce wa gari, kogi na gabansa, da kuɗin fito.

Ginin ƙasa kuwa yaɓe ke riƙe shi. Da aka daina gayyar gyara, damina ta ci rabonta, masu yin tubali suka kwashi nasu, manyan motoci suka nemi fili. Abin yana ci mini rai, don ko a Kano, a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa saboda faɗaɗa titi.