Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasin Na'urar Zaɓe Da Ta Jarrabawa

Jiwa tsohon gari ne mai sarki, yana kusa da Dei-Dei da Gwagwa, kuma ɗaya ne daga cikin mazaɓu 12 na Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja. Ran 12 ga Fabrairu, 2022, ranar zaɓen ƙananan hukumomin Babban Birnin Tarayya, mutanen Jiwa suka ɗora yatsa a kan na'urar nan ta tantance masu zaɓe da ake kira BVAS. Bayan shekara guda, ran 25 ga Fabrairu, 2023, suka sake fitowa zaɓen shugaban ƙasa, tare da alkawarin cewa da an gama ƙirga za a ɗauki hoton takardar sakamako a aika shafin IReV na Hukumar Zaɓe, kowa ya gani da idonsa.

Sakamakon 'yan majalisar dattawa da na wakilai ya shiga. Na shugaban ƙasa kuwa ya ƙi, ba a Jiwa kaɗai ba, a ko'ina cikin ƙasar. Takarda ta farko ba ta samu shiga ba sai da ƙarfe 8:55 na dare.

A rahoton da ta fitar a 2024, Hukumar Zaɓe ta bayyana dalili. An tsara manhajar ne, watau umarnin da kwamfuta ke bi, ta yadda duk sakamakon da ya iso za ta ajiye shi ƙarƙashin jihar da zaɓen ya shafa. Zaɓen gwamna a Ekiti da Osun a 2022 ya tafi lafiya, domin kowanne yana da jiharsa. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, saboda haka da takardunsa suka iso, na'ura ta rasa inda za ta ajiye su.

Ba wai ba a yi gwaji ba ne. Ran 4 ga Fabrairu an gwada tantance masu zaɓe a rumfuna 436. Sai dai ƙasar tana da rumfuna 176,846, kuma abin da ya kawo cikas ɗin bai fito a gwajin ba. Masana aikin kwamfuta suna cewa gwaji ba shi da amfani sai ya yi kama da ainihin aikin. Direban da zai ɗauko shanu daga Dei-Dei zuwa Ikko ba ya gwada birki da mota wayam ya ce ya gama.

Darasi na biyu ya fi shafar 'yan Arewa mazauna Kurmi, domin wasu daga cikin 'ya'yansu a can suke zama jarrabawa. A 2025 yara kimanin miliyan 1.9 suka rubuta jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB, wadda hedkwatarta ke Bwari. Da sakamako ya fito, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Iyaye suka yi ca, musamman a Ikko da jihohin Gabas. Ran 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya amsa cewa an yi kuskure.

Ga yadda abin ya faru. An gano matsala a manhajar, aka yi mata gyara, irin wanda masu wannan sana'a ke kira faci. Amma ma'aikatan wani kamfani da aka ba kwangila ba su sa facin a wasu manyan na'urori ba. Cibiyoyi 157 abin ya shafa: 65 a Ikko masu yara 206,610, da 92 a jihohi 5 na Kudu maso Gabas masu yara 173,387. Jimla yara 379,997 aka ce su sake jarrabawa, aka fara ran 16 ga Mayu, da ɗan gajeren lokacin shiri.

A nan gyaran kansa yana da kyau. Abin da ya ɓace shi ne lissafin wace na'ura ta samu gyara, wace ba ta samu ba. Wannan shi ake kira kula da saiti, kuma ƙa'idojinsa ba su da wuyar fahimta. Kowane canji a rubuta shi, da sunan wanda ya yi da ranar da ya yi. Kowace sigar manhaja a ba ta lamba. Wanda ya yi gyara ba shi zai ce ya yi daidai ba, sai wani dabam ya duba. Bayan an raba gyaran, a bi na'urori ɗaya bayan ɗaya a tabbatar lambarsu ta zo ɗaya. A kuma ajiye tsohuwar siga, don in sabuwa ta ƙi, a koma mata nan take.

Kada a ɗauka wannan cuta ta Nijeriya ce kaɗai. Ran 1 ga Agusta, 2012, wani kamfanin cinikin hannun jari a Amurka mai suna Knight Capital ya sa sabuwar manhaja a na'urori 7 cikin 8, aka manta da ɗaya. Cikin minti 45 ya yi asarar dala miliyan 440.

Bambancin shi ne can kuɗi aka rasa, nan kuwa amana. Dattijon da ya yini cikin rana a layin zaɓe a Jiwa, da mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 wanda ya tara kuɗin rajistar ɗansa da ƙyar, babu ruwansu da faci ko saiti. Abin da suka sani shi ne an ce su yarda da na'ura, sun kuwa yarda.

Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin Hausawa na Agege, Sabo Ibadan da Fatakwal, da sarakunansu, su riƙa yi wa hukumomi tambayoyi uku kafin kowane zaɓe ko jarrabawa: an gwada da irin nauyin da za a ɗauka a ranar? Wa ya duba aikin ban da masu yin sa? Duk na'urorin siga ɗaya suke ɗauke da ita? Iyaye kuma su adana takardar rajistar yaro, in sakamako ya zo da abin mamaki su kai kuka da wuri, domin kukan iyaye ne ya sa aka sake duba na 2025. Allah ya kyauta.