Kwalbar da aka kankare wa suna

Ranar da Kawu ya kasa ɗagowa daga sujada a sallar Magariba, sai da mutum biyu suka kama shi, na san abin ya wuce gajiya. Mutum ne da yake takawa daga Ƙofar Ƙaura har Babbar Kasuwa ba tare da ya yi haki ba. Yanzu cinyoyinsa da kafaɗunsa na ciwo kamar an yi masa dukan kawo wuƙa.

A gida aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, gwaji ya ce babu. Da fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, Inna ta ce shawara ce, aka jiƙa saiwoyi. Na duba idonsa, fari tas, ita kuwa shawara ba ta ɓuya a ido.

Na tambaye shi ko yana shan wani magani. Ya miƙo mini sacet ɗin simvastatin. Mako uku da suka wuce aka rubuta masa a wani asibitin kuɗi, bayan gwaji ya nuna kitse ya yi masa yawa a jini. Nan kaina ya ƙara ɗaurewa. Kawu siriri ne kamar sillen kara, tsire bai dame shi ba, man shanu ma sai da baƙo. Daga ina kitsen?

Likitar da muka gani washegari ta sa aka auna jininsa. Sakamakon ya nuna tsokarsa ce ke lalacewa, kuma abin da take zubarwa shi ya rina fitsarin, yana neman taɓa ƙoda. Ta juya sacet ɗin a hannunta.

"Baba, mutane da yawa na shan wannan lafiya lau. Me kake haɗawa da shi?"

"Babu komai, Likita."

Ta nemi in ba su wuri. Har na kai ƙofa Kawu ya ce, "Bar shi, ɗana ne." Ya daɗe hannunsa na cikin aljihun 'yar shara kafin ya fito da wata kwalba da aka kankare wa suna da reza. Likita ta zazzago ƙwaya ɗaya a tafinta, ta gane ta nan take: lopinavir da ritonavir, maganin ƙanjamau na layi na biyu. Shekaru yana karɓa a ɓoye, bai taɓa fashi ba.

Sai zaren ya warware. Wannan magani, duk da ya riƙe masa rai, an san shi da ɗaga kitsen jini. Cutar ma tana nata, domin tana rage kitse mai amfani, tana kuma barin jijiyoyin jini cikin kumburi ko da an danne ta. Ashe ba daga kwanon abinci kitsen ya fito ba. Ciwon tsokar kuwa, ritonavir yana toshe hanyar da hanta ke bi ta narkar da simvastatin, sai maganin ya taru a jini ninkin-ba-ninkin har ya fara cin tsoka. Shi ya sa aka hana haɗa su kwata-kwata. Wanda ya rubuta simvastatin bai san da kwalbar ba, Kawu bai faɗa masa ba.

Ban ga laifin Kawu ba, har yau. Binciken ƙasa na 2018 ya sa jiharmu, Katsina, cikin jihohin da cutar ta fi ƙaranci, kashi 0.3 cikin ɗari. A inda masu ita ba su da yawa, kowannensu gani yake shi kaɗai ne, kuma ya san abin da bakin mutane ke iya yi wa 'ya'yansa mata ranar neman aure.

Aka tsayar da simvastatin, aka yi ta yi masa ƙarin ruwa har fitsari ya washe. Kawu ya ce shi da maganin kitse har abada. Likita ta ƙi yarda, ta kuma kawo hujja. A 2023 an fitar da sakamakon binciken REPRIEVE, wanda ya bi mutum 7,769 masu cutar a ƙasashe 12, 'yan shekara 40 zuwa 75. Waɗanda suka sha pitavastatin kullum, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da makamantansu sun ragu musu da kashi 35 cikin ɗari. Mai wannan cuta yana matuƙar bukatar kare zuciyarsa, sai dai a zaɓi maganin da ba ya karo da nasa. Ta rubuta wa asibitin da yake karɓar magani su duba yiwuwar mayar da shi kan dolutegravir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tun 2019, kuma bai cika taɓa kitse ba. Da tsokar ta warke aka sa shi kan wani maganin kitsen, kaɗan, ana aunawa.

A hanyar gida cikin Keke Napep bai ce uffan ba sai da muka kusa unguwa.

"Innarka fa?"

"Kai za ka faɗa mata, Kawu. Ni dai zan zauna kusa."

Ya gyaɗa kai, ya sa kwalbar da katin asibitin cikin leda ɗaya.