Bin Bashi da Masu Karɓarsa: Misali Daga Kasuwar Shanu

Gabatarwa

A Hausa, wanda ya karɓi kaya ko kuɗi da alkawarin biya daga baya an ce ya ci bashi. Wanda ya ba shi kuwa an ce yana bin sa bashi. Ya kamata ɗalibi ya lura da wannan aikatau na "bi", domin shi ne dai wanda ake amfani da shi in an ce yaro ya bi uwarsa kasuwa, ko maharbi ya bi sawun barewa. Wato harshen kansa ya ɗauka cewa bashi ba ya dawowa da ƙafarsa, sai an bi shi. Idan aka ce "Audu yana bin Garba jika goma", Audu ne mai kuɗi, Garba ne zai biya. Masu koyon Hausa sukan juya wannan zance, su mai da mai kuɗi shi ne mai biya.

Akwai kuma bambanci tsakanin aro da rance da bashi. Aro na abin da za a mayar da shi kansa ne, kamar keke ko tabarma. Rance na abin da za a kashe ko a cinye ne, a mayar da madadinsa, kamar kuɗi ko hatsi. Bashi ya fi su faɗi, don ya haɗa da rance da kuɗin kayan da aka saya ba a biya ba.

Wannan takarda za ta duba mutum na uku, wato wanda yake karɓo bashin da ba nasa ba, a madadin mai shi. An ɗauki misali daga cinikin shanu, saboda a nan ne aikin ya fi fitowa fili.

Abin da ya sa ake sayar da shanu bashi

Tun kafin zuwan manyan motoci, fatake suna kora shanu daga ƙasashen arewa zuwa biranen kurmi irin su Ibadan da Kumasi. Masana biyu sun yi nazarin wannan ciniki. Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963, Polly Hill kuma ta buga bincikenta a kan kasuwar shanu ta Kumasi a 1966. Bisa lissafin Cohen, ana sayar da shanu kusan 75,000 a shekara a kasuwar Ibadan ta wancan lokaci, kusan dukkansu bashi, kuma a kowane lokaci akwai kimanin fam 100,000 a hannun mahauta da ba a biya ba. Duk wannan ba banki, ba takardar yarjejeniya, ba kotu.

Dalilin bashin a bayyane yake. Saniya ba ta daɗewa a kurmi, saboda ƙudan tsando da ciwon sammore da yake sa mata. Kowace rana ta ƙara a can tana ramewa ne, kuɗinta yana raguwa, don haka dole falke ya sayar da wuri. Mahauci kuma ba shi da kuɗin sa guda a aljihu. Sai ya yanka, ya sayar da nama, sannan ya sami abin biya. Ga shi falke baƙo ne, bai san mahautan garin ba, ba ya jin harshensu, kuma so yake ya koma gida ya sake sayo wani garken. Idan ya ba da shanunsa ga mutumin da bai sani ba, wa zai bi masa kuɗinsa?

A nan ne maigida, wanda wasu ke kira fatoma, yake shigowa. Shi ne yake saukar da falke a gidansa, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya sa dillalansa su sayar masa da shanu. Mafi girman aikinsa shi ne lamuni. Idan mahauci ya ƙi biya ko ya kasa, maigida ne zai biya falke daga aljihunsa. Ladan wannan wahala yana fitowa daga la'adar da ake samu a kan kowace dabba. A ƙarƙashinsa akwai malami mai rubuta ciniki da yara masu zirga-zirga, kuma cikin waɗannan ne ake samun masu zuwa karɓo kuɗi.

Aikin yakan fara tun kafin a sayar

Abin da ya fi muhimmanci a wannan sana'a ba ya faruwa ranar biya. Yana faruwa ne ranar ciniki, lokacin da dillali zai yanke shawarar wanda za a sallama wa dabba. Dillalin ƙwarai ya san kowane mahauci: shanu nawa yake iya sayarwa a mako, a ina teburinsa yake a kasuwa, wa da wa suke bin sa a halin yanzu, ya taɓa saɓa wa'adi ko bai taɓa ba. Mahaucin da ya saba ɗaukar sa guda, yau ya zo yana neman uku, abin tambaya ne. Haka nan wanda ya taya da tsada fiye da kowa ba tare da jayayya ba, domin wanda bai yi niyyar biya ba tsada ba ta damunsa. Sau da yawa dillali yakan ƙi tayi mai tsoka, ya sallama wa wanda ya taya ƙasa da haka, don ya san kuɗinsa zai fito.

Wannan sani ba a littafi yake ba. Ana tara shi ne da zama a kasuwa shekara da shekaru, da hira da sauran dillalai, da sauraron abin da ake faɗa a wurin suna da biki da jana'iza. Shi ya sa baƙo, ko da yana da jari mai yawa, ba ya iya zama maigida dare ɗaya.

Ranar karɓa

Idan wa'adi ya cika, abu na farko da mai karɓa zai sani shi ne lokacin zuwa. Wanda ya je wa mahauci da sassafe, kafin ya sayar da komai, zai dawo hannu rabbana. Wanda ya bari sai dare kuwa zai tarar wasu masu bin bashin sun riga shi, ko kuɗin ya shiga cefane. Lokacin da ya dace shi ne sa'ad da ciniki ya lafa, kuɗin yana hannu bai watse ba.

Na biyu shi ne iya magana. Ga irin zancen da akan ji a kasuwannin ƙasar Hausa tsakanin yaron maigida da dattijon mahauci:

"Sannu da aiki, Baba. Yaya kasuwa?"

"Da godiya, samari. Yaya maigidan naka?"

"Lafiya lau, yana gaishe ka. Ya ce in biyo in ji ko an sami wani abu."

"To, kasuwa ta yi sanyi kwanan nan. Ga wannan ka kai masa, ciko kuma sai Laraba in Allah ya kai mu. Ka ce ya ƙara haƙuri."

Abin lura a nan shi ne, ba wanda ya ambaci kalmar bashi. Yaron ya ce "wani abu", ya kuma yi amfani da "an" maimakon "ka", don kada maganar ta zama kamar tuhuma. Ya nuna cewa shi ɗan aike ne, maganar ta maigida ce. Wannan yana ba dattijon damar neman jinkiri ba tare da ya roƙi yaro sa'an ɗansa ba. Shi kuma dattijon bai sallame shi hannu wofi ba, ya kuma sa rana. Ranar nan da ya ambata da bakinsa ita ce igiyar da za a kama shi da ita, don Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya.

Na uku, kuma mafi wuya, shi ne rarrabe wanda ba shi da shi da mai taurin bashi. Dukkansu abu guda suke faɗa, cewa babu. Amma na farko ba ya ɓuya, yakan biya kaɗan-kaɗan, wani lokaci ma shi yake zuwa da kansa ya faɗi halin da yake ciki. Na biyu yakan sauya hanya, ya ce a ce ba ya nan, ya yi ta sa rana yana ɗagawa, alhali ana ganin sabuwar riga a jikinsa. Idan aka matsa wa na farko har ya karye, an yi asarar kuɗi da abokin ciniki gaba ɗaya. Idan aka sassauta wa na biyu, sauran mahauta za su gani su koya.

Sai kuma amana. Kuɗin da ke aljihun mai karɓa ba nasa ba ne, ba ma na maigidansa ba ne, na falke ne da yake zaune yana ƙirga kwanaki. Dole ya riƙe lissafin wanda ya biya da abin da ya rage, ya miƙa kuɗin yadda ya karɓa. Yaron da ya taɓa juya kuɗin mutane, ko da da niyyar mayarwa gobe, ya gama aiki a wannan kasuwa.

Idan lallashi bai yi ba, makamin masu gidaje shi ne hana kaya. Labarin wanda ya ƙi biya yakan bazu nan da nan, ba dillalin da zai sake sallama masa dabba, mahaucin da ba shi da abin yanka kuwa ba shi da sana'a. Shi ma maigida irin wannan igiya ce a wuyansa. In ya kasa biyan falke, labari zai riga falken isa arewa, baƙi su koma sauka a wani gida. Cohen ya nuna cewa gidajen da maigida ya mallaka a Sabo suna cikin abin da ke sa a yarda da shi, tun da mai gidaje ba ya tattara su ya gudu da dare. Yau shanu a mota suke tafiya, kuɗi kuma sau da yawa ta banki ko ta waya, amma har yanzu ana jin kalmomin la'ada da lamuni da wa'adi a kara.

Iyakar da shari'a da doka suka sa

Mai karɓar bashi ba alƙali ba ne. A shari'ar Musulunci, wadda yawancin ƴan kasuwar Hausawa suke bi, aya ta 282 a surar Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu. Aya ta 280 kuma ta ce a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci. A ɗaya gefen, jinkirin mai hali zalunci ne, kuma a fiƙihun Malikiyya alƙali yana iya tsare wanda ake zargin ya ɓoye dukiya har gaskiya ta bayyana. Amma tsarewa da sayar da kayan mutum hukuncin alƙali ne, ba na mai bin bashi ko ɗan aikensa ba.

Dokar gwamnati ma haka ta raba aikin. Nijar da Kamaru da Cadi suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993 don daidaita dokokin kasuwanci. A 1998 ƙungiyar ta fito da doka a kan karɓar bashi, aka sabunta ta a 2023. A ƙarƙashinta mai bin bashi yana iya kai takardunsa kotu ya nemi umarnin biya, muddin bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, kuma wa'adinsa ya cika. Wanda yake kai wannan umarni, ya kuma kama kaya idan ta kai ga haka, ma'aikaci ne mai rantsuwa da ake kira huissier da Faransanci. Wanda ake bi yana da kwana 10 ya yi jayayya. A tsohuwar dokar kwana 15 ne. Ba a zartar da kamun kaya ranar Lahadi ko ranar hutu, ba a kuma fara shi kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 6 na yamma, sai da izinin alƙali. Matsalar ɗan kasuwar kara ita ce, wannan hanya takarda take nema, shi kuwa cinikinsa da baki da shaidar dillali aka ƙulla shi.

Masu karɓa ta waya

A ƴan shekarun nan an sami wani sabon salo, musamman a Nijeriya. Kamfanoni suna ba da ƙaramin rance ta manhajar waya cikin mintuna kaɗan, ba jingina, ba mai lamuni. Mai karɓar bashinsu yana zaune a ofis da jerin lambobi, bai taɓa ganin wanda yake kira ba. Tun da ba shi da sanin da dillali yake da shi, wasu sai suka koma ga tonon asiri: su kwashi lambobin da ke cikin wayar wanda ya ci bashin, su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙo cewa ɓarawo ne.

Za a iya cewa ai a kasuwar shanu ma kunya ce take sa a biya. Amma akwai bambanci. A can labarin yana zuwa ne ga waɗanda dukiyarsu take cikin haɗari, kuma dillalin da ya yi wa mahauci ƙazafi gobe zai haɗu da shi ido da ido. A nan kuwa saƙon yana zuwa ga mutanen da ba ruwansu, daga wanda ba a san fuskarsa ba. A 2021 hukumar NITDA ta ci wani kamfanin irin wannan rance tarar naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu cin bashi. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu a Legas, ta kuma sa dokar cewa sai sun yi rajista. A 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke kasuwarsa shiga lambobi da hotunan da ke cikin wayar mutum.