Haƙƙin Dangin Wanda Aka Kashe a Gaban Shari'a: Misalin Dokar Marsy ta Ƙasar Amurka

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba matsayin dangin wanda aka kashe a tsarin shari'ar zamani. A wannan tsari, laifin kisa laifi ne da aka yi wa hukuma, watau gwamnati ce ke ƙara, ita ce kuma ke neman hukunci. Wanda ake tuhuma yana da lauya da haƙƙoƙi rubutattu, amma uwar mamaci da 'yan'uwansa sukan zama 'yan kallo kawai, sai fa in an bukace su a matsayin shaidu. Za a kawo misalin wani iyali na Amurka da suka ƙi amincewa da wannan matsayi.

Asalin Dokar

A shekarar 1983 aka kashe wata ɗaliba mai suna Marsalee Nicholas, wadda ake kira Marsy, tana karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara. Tsohon saurayinta ne ya harbe ta. Bayan mako guda, mahaifiyarta ta shiga wani kanti sayayya, sai ta yi kiciɓis da wanda ake tuhuma. Ashe an ba da shi beli, kuma babu wanda ya sanar da iyalin, domin babu dokar da ta wajabta a sanar da su. Daga baya an same shi da laifi, ya kuma mutu a kurkuku.

Masu iya magana kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mahaifiyar ta shafe shekaru tana fafutuka tare da sauran iyayen da aka kashe wa 'ya'ya. Ɗan'uwan marigayiyar kuwa, Henry Nicholas, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Broadcom, ya zuba dukiyarsa a kan lamarin. A watan Nuwamba na 2008, shekara 25 bayan kisan, jama'ar Jihar Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da gyaran tsarin mulkin jiharsu, wanda aka fi sani da Dokar Marsy.

Abin da Dokar Ta Ƙunsa

Dokar ta jera haƙƙoƙi 17. Muhimmai daga ciki su ne: a sanar da wanda aka cuta ko danginsa lokacin zaman kotu, a ba su damar halarta da yin magana yayin da ake batun beli, ko yanke hukunci, ko sakin fursuna kafin cikar wa'adinsa, alƙali ya yi la'akari da tsaron lafiyarsu kafin ya ba da beli, kuma mai laifi ya biya su asarar da ya jawo musu. Jihohi irin su Ilinoi a 2014, da Ohayo a 2017, da Filorida a 2018 sun bi sahu.

Sai dai dokar ba ta tsira daga suka ba. Wasu masana shari'a na ganin cewa kiran mutum "wanda aka cuta" tun kafin a tabbatar da laifi yana raunana ƙa'idar nan da ta ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Haka kuma a Filorida wasu 'yan sanda da suka harbi mutane sun fake da dokar don a ɓoye sunayensu, har sai da Kotun Ƙolin jihar ta yanke a 2023 cewa dokar ba ta ba da wannan dama ba.

Dangantakarta da Abin da Muka Sani

Wannan ra'ayi ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Shari'ar Musulunci ta ba waliyyan mamaci zaɓi tsakanin ƙisasi da karɓar diyya da yin afuwa. Duk da haka ba a sakar musu al'amarin gaba ɗaya ba. A mazhabar Malikiyya afuwarsu ba ta aiki a kisan gilla, kuma ko sun yafe a sauran kisan ganganci, hukuma na yi wa mai laifi bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Ta haka aka kiyaye haƙƙin dangi, aka kuma kiyaye na al'umma.

Kammalawa

A Nijeriya, dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta ba kotu ikon umartar mai laifi ya biya wanda ya cuta. Wannan ci gaba ne, amma kuɗi ba shi ne dukkan bukatar mai makoki ba. Yana son a sanar da shi ranar zama, a saurare shi, kada kuma ya fara jin labarin sakin wanda ake tuhuma a bakin kasuwa. Ya kamata malamai da ɗaliban Hausa su taimaka wajen fassara irin waɗannan haƙƙoƙi da bayyana su ga talakawa, domin wanda bai san haƙƙinsa ba, ba zai iya nemansa ba.