Bakandamiyar Narambaɗa da harshen da ya haife ta

Tun ina yaro a Ɗan Isa na fara jin Bakandamiya, a bakin wani tsohon rikoda mai cin kaset da mahaifina yake kunnawa bayan sallar isha'i. A lokacin ban fahimci ko rabin abin da ake faɗi ba, sautin kotso kawai yake burge ni. Sai da na yi nisa a nazarin harshe na gane cewa taska ce aka ajiye mana a zaure muna tsallake ta.

Mai karatu ya san cewa Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne ta ƙasar Shinkafi, kuma makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa, wanda ya yi sarauta daga 1935 zuwa 1975. Shi kuwa Narambaɗa ya riga ubangidansa rasuwa, tun a farkon shekarun 1960. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, sai Isa ta zauna a Sakkwato, Tubali ta faɗo Zamfara. Wato an raba makaɗi da fadarsa a bisa taswira, amma waƙar ba ta san da wannan iyaka ba. Ana sauraronta a Kano da Maraɗi da Kumasi kamar yadda ake sauraronta a Zurmi.

Ga al'ada, waƙar fada ta basarake ce: a yabi asalinsa, a yi wa 'yan adawarsa habaici da zambo. Narambaɗa ya yi duk wannan, amma a Bakandamiya ya ƙara da juyowa ya dubi sana'arsa, yana bayyana yadda azanci yake zo masa da yadda ya fi ƙarfin sauran makaɗa. Mutumin da har yake gwada waƙarsa da ta Alfazazi mai Ishiriniya, ai ba za a ce bai san kansa ba. Dr. Mamman Shata ma yana da tasa Bakandamiyar, har kalmar ta zama sunan duk wani aiki da gwani ya ƙure basirarsa a kai.

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani kundin ɗalibi da aka kawo mini in duba. Yaron ya rubuta baitocin waƙar tsaf, sai dai ya yi mata abin da ya kira gyara. Duk inda makaɗin ya ce "anka" ya mayar "aka", "munka" ta koma "muka", "yat tahi" irin ta mutanenmu ta zama "ya tafi". Na tambaye shi dalili, ya ce daidaitacciyar Hausa aka koya masa. Haƙiƙa ba laifinsa ba ne, laifinmu ne mu malamai. Gaɓar farko ta "anka" mai nauyi ce, ta "aka" kuwa marar nauyi, kuma a kan irin wannan nauyin ne kotso yake ɗora bugunsa. Wanda ya sauya gaɓa ya karya karin waƙar, ko da ma'ana ta tsira.

Masu iya warware irin waɗannan kalmomi kuwa tsofaffi ne na ƙauyukan Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda, kuma su ne 'yan bindiga suka tarwatsa. A watan Satumba na 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka katse layukan waya a faɗin jihar. Wani dattijo da nake kai wa tambayoyina yanzu yana gudun hijira a Gusau, jikokinsa kuwa Hausar gari suke yi.

Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun yi aiki mai yawa a kan Narambaɗa, Allah ya saka musu. Abin da nake roƙon sassan harsunan Nijeriya na jami'o'in Gusau da Sakkwato shi ne su tura ɗalibai da na'urar ɗaukar magana wurin waɗannan tsofaffi a inda suke fake, a rubuta abin da suka faɗa kamar yadda ya fito daga bakinsu. Shi kuwa ɗalibina na mayar masa da kundinsa, na ce ya koma ya sake sauraron waƙar daga farko.