Wa Ke Da Izinin Rubutu A Kundin Kwamfuta?

A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, Najeriya ta katse wutar da take tura wa Nijar, har da layin da ke tasowa daga Katsina zuwa Gazawa, kusa da Tasawa. Kwamfutar Windows da wuta ta ɗauke mata ba shiri, idan aka sake kunna ta, takan rubuta wa kanta shaida: lamba 41 da lamba 6008, alamar an kashe ta ba bisa ƙa'ida ba. Galibin masu aiki da ita a ofishin magajin gari ko asibiti, a Tasawa ko Mayahi, ba sa leƙa wannan rubutu.

Kundin da ake ajiye shi, a Windows ta Faransanci da aka fi sani a Nijar, ana duba shi ta Observateur d'événements, kuma tun 1993 yake cikin Windows NT. Kamar littafin maigadi yake a bakin ƙofa, ana rubuta abin da ya faru da lokacinsa. Manyan sassansa uku ne, na manhajoji da na ita na'urar da na tsaro. Na ukun an tsare shi sosai. Ko goge shi aka yi, sai ya bar lamba 1102 don a san an taɓa shi.

Wahalar tana wajen mai rubuta manhaja. Kafin manhajarsa ta sa layi ɗaya a kundin, ya kamata a yi wa sunanta rajista, rajistar kuwa sai mai cikakken iko da na'urar. To, shi a kan tasa kwamfutar shi ne wuƙa shi ne nama, komai na tafiya lami lafiya. Sai an kai manhajar hannun sakatare mai ƙaramin izini ta cije. Abin dariyar ma, tun daga Windows Vista ta 2007, umarnin SourceExists, wanda aikinsa kawai ya tambaya ko sunan yana nan, shi kansa yakan kasa. Dalili, yana bin sassan ɗaya bayan ɗaya yana nema, da ya iso na tsaro sai a hana shi shiga.

Ke nan tambayar izini tun gaba ba ta wadatar ba. Ko an amsa da e, izinin na iya canjawa kafin a kai ga rubutun. Masu ƙwarewa sukan yi rajistar sunan ranar girka manhajar, lokacin da ikon ke hannu, kamar yadda Microsoft ta ba da shawara. Daga nan manhajar ta gwada rubutawa kai tsaye. In an hana ta, ta zuba saƙon a wani fayil nata, ta ci gaba da aiki. Mai son ganin wa aka yarje wa, umarnin wevtutil zai nuna masa.

Akwai gajeriyar hanya da wasu masu gyara ke bi: a ba kowa cikakken iko, ƙorafi ya ƙare. Wannan ganganci ne, domin duk mai irin wannan iko yana iya share kundin baki ɗaya.

Shugaban ofis da zai karɓi sabuwar manhaja, ya sa mai girkawa ya buɗe ta da asusun ƙaramin ma'aikaci, ya nuna masa layin da ta rubuta a kundin, kafin ya sa hannu a takardar biya.